Fuskar 'yata a ƙirjin mutanen Legas

Maigidana malamin motsa jiki ne a wata firamare a nan Kontagora, kuma tun da na aure shi gudu yake yi. Ba wanda ya koro shi, ba wanda yake bi. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalmi ya miƙe hanyar Ibeto, ya dawo yana haki ya ce in ba shi koko. Na yi mita har na gaji. Shi ya sa ranar da ya zo da labarin wai wata ƙungiya a Legas ta shirya gudun fanfalaki don tara taimako ga masu ciwon sikila, na ce to madalla, yau dai gudun nan zai yi rana.

Autarmu sikila gare ta. A lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, yarinya mai son gayu da tsare gida. In ciwon ya kwantar da ita, ko ƙawayenta ba ta yarda su shigo dubiya sai an shafa mata hoda an ɗaura mata ɗankwali. Ciwon ta iya jure shi. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a kalle ta da idon tausayi.

Ƙungiyar ta ce kowane mai gudu ya aiko da hoton majinyacin da zai yi gudun dominsa. Mu kuma a wurinmu in an ce kawo hoto, mafi kyau ake nufi. Ita da kanta ta zaɓi na Sallah, tana sanye da leshi ruwan goro, hannu ya sha lalle. Sannan ta dubi ubanta ta ce, "Baba, wannan kaɗai fa. Kar ka tura musu na asibiti."

Akwai wani hoto da ya taɓa ɗaukarta a waya tana kwance ana mata ƙarin jini, don ya aika wa yayanta a Minna ya taho. Shi take nufi.

Ya ce, "Haba, uwata. Ni ne fa ubanki."

Tsarabar da ta roƙa guda ce, katantanwar bakin teku. Muka bar ta wurin ƙanwata, muka bi ta Mokwa da Jebba muka sauka Legas a gajiye.

Kafin ranar gudun mun yi yawon buɗe ido. Mun hau doguwar gadar nan da ke kan ruwa, Malam maigidana yana ta "Ikon Allah! Ikon Allah!" ni kuwa ina toshe hanci da bakin mayafi. Mun je bakin teku, inda sai ka biya kafin a bar ka ka kalli ruwan da Allah ya halitta. Ban ƙi ba, tekun ya ba ni tsoro kuma ya burge ni. Na tattara zanena na tsinci katantanwa tsakanin robobi da ledoji, na zaɓi masu kyau na ƙulle a hankici. Da yamma Malam ya je ya karɓo rigar gudunsa a leda, ya cusa ta can ƙasan jaka bai nuna mini ba. Na ɗauka gajiya ce.

Da safe muka isa filin da za a tashi. Jama'a ba masaka tsinke, kiɗa kamar zai fasa kunne, kowa sanye da riga ruwan ɗorawa iri ɗaya, da hoton wata yarinya a ƙirji. Daga nesa na ce a raina, Allah sarki, ko 'yar wa ce? Wace uwa ce ta yarda aka yi wa 'yarta haka? Kai ba ɗankwali, leɓe a bushe, ido a juye, ga roba a hanci.

Sai wani ƙato ya gifta ta gabana, na ga zanen da aka lulluɓe yarinyar da shi. Zanena ne. Shuɗi mai zanen ganye, wanda har yau yana cikin akwatina.

Na juya na kama hannun rigar sanyin da Malam ya ɗora a sama duk da zafin garin. Na ce, "Malam, buɗe in gani."

Bai buɗe ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Cewa suka yi na Sallar bai nuna ciwo ba, ko akwai wani. Wallahi na ɗauka likitocinsu ne kawai za su gani."

"Likitoci? Duk waɗannan likitoci ne?"

Muna cikin haka wata mata daga cikin masu shirin ta iso, tana ƙamshin turare, ta rungume ni kamar ta san ni. Da Turanci take magana, Malam yana fassara mini kansa a ƙasa. Wai hoton ya taɓa zuciyar mutane sosai, shi ya sa suka buga shi a rigar kowa, wai suna so in hau dandamali in faɗi irin wahalar da muke sha. Sannan ta taɓa 'yan kunnena ta ce ko zan cire su kafin a ɗauke ni hoto, kuma ko ina da wani mayafin da bai kai wannan sabunta ba. Na fito da atamfata mafi kyau don kar in kunyata 'yata a garin mutane, ashe tsumma suke nema. Na cire hannunta daga kunnena. Abin da na faɗa mata da Hausa, Malam bai fassara ba.

Aka busa usur suka zuba a guje. Shi ma ya bi su, da rigar a juye, ciki a waje. Ni aka kai ni inda za su ƙare, kuma a nan na ga abin da har yau ban manta ba. Duk wanda ya iso sai ya tsaya ya yi murmushi a ɗauke shi hoto yana nuna fuskar 'yata da yatsa. Da an gama sai ya tuɓe rigar. Wani ya goge hammata da ita. Wani ya fyace majina. Wata ta shimfiɗa ta a ƙasa ta zauna a kai tana cin ayaba. Na ga direba yana goge gilashin motar maigidansa da ita, na ga wadda aka jefa a kwata ruwa yana bi ta kanta. Ba mugunta suke yi ba, ko kallonta ba sa yi, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Ina da jakar bakko da na tanada don tsaraba. Na buɗe ta na shiga tsince rigunan, jiƙe da gumin mutanen da ban sani ba, wari kamar zan yi amai. Da Malam ya iso da lambar yabo a wuya ban ko ce masa sannu ba. Ya cire ta ya sa a aljihu, ya durƙusa yana taya ni. Wani mai gadi ya zo ya kore mu, ya ɗauka 'yan jari-bola ne. Jakar ta cika, rigunan ba su ko ragu ba.

A gida na so in ƙone rigunan, na kasa sa wa fuskar 'yata wuta. Na wanke su tana makaranta, na ninke na kulle. Ta ji daɗin katantanwarta, ta jera su a taga. Ta tambayi ubanta yadda hotonta ya fito, ya ce ya yi kyau. Ni na tashi na shiga kicin.

Bayan 'yan watanni muka shiga keke ni da ita za mu kasuwa sayen yadin bikin gama makarantarta. A mahaɗar hanya aka tsayar da mu, wani ɗan acaɓa ya tsaya daf da mu. Riga ruwan ɗorawa ce a jikinsa. Na yi ƙoƙarin tare ta da mayafina, amma ta riga ta gani. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam, a ina ka samu rigar nan?"

Ya ce, "Gwanjo, 'yammata. Ga su can tuli a bakin kasuwa, an kawo daga Legas." Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa ya girgiza kai. "Ai an ce yarinyar ma ta rasu. Allah ya jiƙanta."

Ta ce, "Amin."

Hanya ta buɗe, ya ja babur ɗinsa ya wuce. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Mama, ke ma kin gani a can?"

Mai keke ya tambaya ta wace ƙofa za mu sauka, ta ce masa ya juya da mu gida.