Neman Kan Inji a Bayan Baturiya

Haɗeja

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na hau babur da jakar sufanu. Injin motar yayana Habu nake sake ɗaurawa, tsohuwar akori-kura mai silinda takwas da ke ƙetare ruwa da 'yan kasuwa duk damina. Kawunan injin biyu sun tsage, aka ce zan samu wasu a motar wani marigayi Modu, bayan Baturiya. Sai kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, wanda muka kwana uku muna musu a kansa. Yaya na son na gudu, ni ina son na ja mai ƙarfi a tafiyar sannu, amma na fara sakkowa, don ba na iya dogon musu da shi.

Baturiya

Bakwai saura na iso, bayan na wuce shingen bincike ɗaya. Na karya da kunu da ƙosai, na bar babur, na shiga kwalekwale. Minti arba'in muna ratsa ciyawar kacala, ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Da na ce motar Modu na zo gani, mai tuƙin ya tsayar da sandarsa.

"Wadda ruwa ya ci? Ni a gaɓa zan jira ka, Malam."

Tungar Baba Kyari

Baba Kyari, mahaifin marigayi Modu, ya kai ni gindin tsamiya. Motar na nan, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, amma gilashinta fes kamar yanzu aka goge. Ya ce shi bai taɓa goge ta ba. 

Na kwance kawunan, na kifa su, na zuba kananzir a ramin bawul. Ko ɗigo bai zuba ba, lafiyarsu ƙalau. Ban ci abincin da aka kawo ba sai da na zaro kamshaf, wajen azahar. Kamshaf na gudu ne, mai dogayen tozayen danna bawul. Irinsa sai an taka mai sosai yake da ƙarfi, a tafiyar sannu cikin laka kuwa inji mutuwa yake.

"Baba, a ina ta tsaya?"

"Tsakiyar mashigi, ɗana. Tana tafiya a hankali ta mutu. Su shida ne a ciki."

Na goge ƙarshen sandar da tsumma. Ɗigo uku da aka buga da kan ƙusa, a jere. Kowane bakanike da shaidar da yake bugawa a aikinsa, wannan kuwa tawa ce. Modun na manta fuskarsa, hannuna ne ban manta ba. Na zauna a ƙasa.

"Ka san wanda ya ɗaura shi?" in ji Baba.

"Ni ne."

Ya nuna kamshaf ɗin. "Ɗauki kawunan. Wannan bar mini shi."

Gida

La'asar sakaliya na shigo gareji. Yaya Habu ya tarye ni.

"Ka samo na gudun?"

"Na ja zan sa, Yaya. In ba ka so, kai wa wani."

Ya dubi fuskata, ya karɓi kawunan. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Baba Kyari. Modu da mutum biyar ɗin nan, Allah ya jiƙansu, ni kuma ya yafe mini.