Ranar da Yaran Malam Sabo Suka Yi Musayar Kaya

Alhamis ce, dawa ta kusa yanka. Bayan asuba na karɓo niƙan wake, na ɗora kaskon ƙosai a ƙofar makarantar firamare kamar kullum. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu yaron da zai wuce ni ban san uwarsa ba.

Mu Barebari ne. Fataucin kanwa ya kawo kakanninmu, suka zauna a gabashin ƙauyen nan, kan hanyar Minjibir. A nan na haihu, a nan aka binne mijina. Tsagen fuskata kaɗai ne bai zama Bakano ba.

Malam Sabo shi ke koya wa 'yan aji biyar darasin zama ɗan ƙasa. Shi ya kawo ranar al'adu, da doka ɗaya: kada yaro ya sa kayan gidansu, sai na gidan wani. Na ce masa wannan wasa da asali ne. Ya ce, "Iya, aro ne, ba kyauta ba." Na ba da lafayata. Ladidi, 'yar Ɗanlami mahauci, na naɗa wa ita. Jikata Falmata ta ɗaura saƙin kakar Ladidi.

Da hantsi aka kaɗa ƙararrawa, yara suka jeru. Ana tsakiyar taken ƙasa na ji babura. A daren an kore shanu a wani ƙauye arewa da mu, an kashe mai su, wani ya ce a unguwar Barebari ɓarayin suka kwana. Wannan daga baya na ji. A lokacin hayaƙi kawai na gani ta gabas, daidai rumbunanmu.

Masu baburan suka iso da gorori da adduna. Na gaba baƙi ne, ba su san yaranmu ba. Na baya na san su. Da ƙosaina suka girma. Ba wanda ya iya kallona.

"A fito da 'ya'yan baƙi!"

Malam Sabo ya tare ƙofa, alli a hannunsa. Ya ce, "Duk 'yan ajina ne." Gora ta sauka a kansa. Ƙarar kamar fashewar tulu.

Wani dogo ya damƙi Ladidi ta lafaya, yana jan ta a ƙasa. Falmata na tsaye cikin saƙi, ba mai kallon ta. Da na yi shiru, tawa ta tsira. Amma ni na naɗa wa yarinyar nan kayan da hannuna.

Na yaye mayafi. "Ga Babarbariya nan, dubi fuskata. Waccan 'yar Ɗanlami ce. Sake ta."

Ya saki, ya nufo ni. Na tuntsurar da kaskon a kan murhu. Wuta ta tashi tsakaninmu har kan rumfa. Yara suka watse. Na fizgi Ladidi da Falmata, muka faɗa cikin dawa.

Ba mu bi hanya ba. Kunya-kunya muka bi, a sunkuye, ganye na yankar fuska. Ladidi ta fara kuka, na ce ta haɗiye. Da azahar muna kwance a wani kwari na ji ladanin masallacinmu. Muryarsa ba ta canja ba. Na yi taimama na yi salla a zaune. Da la'asar muka fita titi, mai motar itace ya ɗauke mu zuwa birni, gidan ƙanena.

Washegari Ɗanlami ya zo ɗaukar 'yarsa. Ya durƙusa a gabana. Saƙon mai unguwa ya kawo: wai mu dakata da komawa tukuna, kuma in gona za mu sayar, akwai mai so. Na ce ya gaya masa kabarin mijina yana gefen gonar, ya faɗi kuɗinsa shi ma.

Na koma kafin a gama yankan dawa. Na kafa sabuwar rumfa a ƙofar makarantar. Falmata na ajinta. Waɗanda suka tsaya a baya ran nan, yanzu zagaye suke yi ta bayan masallaci. Ni ba na zagayawa.

Rumbuna sun ƙone, da ɗakina, da akuyoyin da ke ɗaure. Malam Sabo ya cika a asibiti ranar Asabar ɗin. Ba a turo wani ba, an haɗe ajinsa da na shida. Matarsa na da tsohon ciki, aka mayar da ita gidan iyayenta a Tofa. Namiji ta haifa.