Rabin Ƙwayar Baba

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina, 'yan uwa. Amma bari in fara faɗa muku halin da muke ciki.

Mahaifina maɗinkin hula ne, shekara uku ke nan yana fama da ciwon karkarwar jiki. Likita ya ce wani sinadari mai kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, dofamin, shi ne ya ragu, maganin kuma yana cike gurbinsa. Da aka ƙara masa maganin hannunsa ya lafa, sai dai ya fara ganin Innarmu, wadda ta rasu bara, zaune a bakin gadonsa. Ba ya jin tsoro, hira ma yake mata. An riga an gargaɗe mu maganin kan sa gane-gane, in ya faru mu faɗa a rage. Ban faɗa ba tukuna.

A mafarkin ina tsohon gidanmu na Gusau, tsakar gidan cike da ruwa mai ɗumi har gwiwa. Baba na kan kujera yana zura zare a allura, sau ɗaya ya shige. Inna na gefensa tana tsintar shinkafa a faifai, da zanen nan nata ruwan goro. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba.

Sai kawai na gan ni a layin karɓar magani, tagar kuwa ta ɗakin girkinmu ce. Wata murya daga ciki ta tambaye ni guda nawa za a ba ni. Sai kawai ga Inna a bayana. Ta kamo hannuna ta buɗe, ta ɗora ƙwaya ɗaya, ta sa farce ta raba ta biyu.

Ta ce, "Uwani, ya ci abinci kuwa?"

Na ce ya ci. Ta dunƙule min hannun, ta juya ta bi ta cikin ruwan, zanenta bai jiƙe ba.

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni. Ta bango ina jiyo Baba yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa a matso kusa, akwai wuri.

Jibi za mu koma asibiti. Don Allah, masu sanin fassara, raba ƙwayar nan da ta yi, izini ta ba ni in faɗa wa likita, ko kuwa roƙona take in bar su su ƙarasa hirarsu?