Kwaramniyar da ta ci kunnen Idi

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, da kaka, tsuntsayen janbaki sunka sauka bisa dawarmu a fadamar Tama. Ran wata Laraba da sassahe Baba ya zo da bakin ƙarhen tayar mota da wani rabin tano, gangar ƙarhe mai tsatsa, ya rataye su ga reshen gawo tsakiyar gona, ya miƙa ma ƙanena Idi guntun ƙarhe ya ce kada hannunai ya huta sai rana ta hwaɗi. Ni anka ba ni majaujawa, ina zagayen bakin gona ina kuwwa, don haka ina nesa. Idi kuwa kansa na daidai tanon nan, yana bugu, tsuntsaye su tashi kamar hayaƙi su sauka gonar maƙwabci, shi ma ya bugo nashi su dawo.

Kakarmu ce ta fara ƙyamar abin. Ta kawo muna fura, ta aje ƙwarya ta toshe kunnuwa da bakin zane, ta ce ma Baba wannan ba ƙara ba ce. "Ƙara tana shiga kunne ta hita. Kwaramniya in ta shiga, zama takai." Baba ya ce ta bari mu ga dawa cikin rumbu tukuna.

Dawa ta shiga rumbu. Amma kahin a gama yanka, kunnen Idi na hagu ya fara zubar da ruwa, sannan mugunya mai wari, ƙudaje na bin shi har lakkwal, makarantar boko. Inna ta ɗiga mishi man shanu, ta toshe da kaɗa, wato auduga. Mushe, malamin ajinsu, ya sha marin shi bisa ba ya amsa kira. Sai da anka kai shi gidan likita a Buza anka ce dodon kunnen ya huje, ba gyara.

Yau Idi na da hurhura, in za ka yi mai magana sai ka zagayo dama. Ni kuma ina zaune Madawa, yara na cire ma babur salansa mai rage ƙara da gangan, masu buki na hayar amsa-kuwwa su girke ƙohwar gidan mutane, har da jinjiri a goye kusa da ita, suna tsalle wai daɗi. Tir. Mu aƙalla yunwa muke kora. Su ban san abin da suke kora ba.