Sarkin da Ba Ya Cewa A'a

Mene ne ke hana mai iko amfani da ikonsa, alhali babu takardar da ta hana shi, babu wanda zai kama shi? Yau shekara bakwai da rasuwar Malam, mijina, ban samu amsa ba. Ban yi karatu ba. Ina faɗa ne ina kuka, autata Hauwa tana rubutawa.

Shari'a yake koyarwa a jami'a nan Madina. A gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, a kaina yake gwada darasinsa ina tsinkar zogale. Ya ce idan na gane, ɗalibai za su gane. A nan na ji cewa Ingila ba ta da littafi guda da ya tattara tsarin mulkinta. Majalisa ke yin doka, amma sai sarki ya amince. Yana da ikon ƙi, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ba a ƙi ba.

Na ce, "To in ya ƙi fa?"

Ya ce, "Ba ya ƙi."

"Sojoji yake tsoro?"

Ya yi dariya. "Hajiya, ba a yi ne kawai."

Ranar har miya ta kama. Ƙasa guda, da jiragenta da kotunanta, ta jingina da kunyar mutum ɗaya! Yanzu idan na ji a rediyo shugaban gwamnatinsu ya rasa goyon bayan majalisa ya kwashe kayansa da kansa, sai in juya in gaya wa Malam, in tarar da kujerarsa babu kowa.

Abin da ya tayar mini da wannan shi ne aikin Hauwa a asibiti ya ƙare, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashinta take. Yayanta da ke unguwar Aƙiƙ nan Madina ya ce zai riƙe ni. Ita ta ce in bi ta mu koma Kano. Malam yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Kowannensu na tambayata me Baba ya ce, don sun san da ya faɗa da an gama.

Na tambaye shi. Ranar da ya cika, bayan la'asar, na riƙe hannunsa na ce ya umarce ni, in zauna ko in koma gida, duk abin da ya ce zan yi.

Ya ce, "Shekara arba'in ban ba ki umarni ba, sai yau? Ke za ki zaɓa. Ɗan gyara mini matashin nan."