Ganyen Dogonyaro a Adakar Inna

Da Inna ta rasu a Fakku, rabona adakarta ce, da zannuwan saƙi uku a ciki. Na ɗauko ta a bayan babur har Tambuwal, inda nake koyarwa. Ina buɗewa na tarar da busasshen ganye barbaje tsakanin zannuwan. Ni 'yar boko sarauniyar tsabta, na ce wannan ƙazantar ƙauye ce, na kakkaɓe shi tas na zuba a shara.

Bayan damina na sake buɗewa. Wasu 'yan ƙwari masu fiffike ruwan toka suka taso mini a fuska. Asu ne. Zane biyu sun koma rariya, saura baƙin da take ɗaurawa ranar Juma'a. Na zauna daɓas na yi kuka, da kukan ya ƙare sai haushi ya gaje shi.

Na kira Goggo, ƙanwar Inna, a waya.

"Ke kinka zubas da ganyen?" in ji ta. "Dogonyaro na, ɗiyata. Ɗacin da iccen ka tsare kainai da shi, shi ka tsare tuhwa. Ba shi kashe asu nan take. Tsutsar ka barin ci, uwar ta mutu da wuri, ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa."

Wallahi hakan ya fi mini daɗi. Ba mutuwar farat ɗaya nake musu fata ba, so nake zuri'arsu ta ƙare ina kallo. Na daka 'ya'yan dogonyaro, na jiƙa ƙyallen zanen da suka ɓata a ruwan, na shanya, na jefa shi a kwalba tare da duk asun da na kama da tsutsotsinsu. Kullum na dawo makaranta sai na ɗaga kwalbar na ce, "Ku ci mana, ba ku ne gwanayen ci ba?" Tsutsotsin suka ƙanƙance, iyayen suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗa guda bai fito ba, kuma ban ji tausayinsu ba ko na anini.

Baƙin zanen kuwa na shanya shi a rana, na mayar da shi adaka cikin sabon ganye. Wata biyu ban taɓa ta ba don fargaba. Ran da na ɗaga murfin, zanen yana nan lafiya lau. Sai wani ɗan wari mai ɗaci ya bugi hancina, na tsaya cak. Tun ina goye nake jin sa a bayan Inna. Duk tsawon rayuwata na ɗauka ƙamshin jikinta ne.