Injin da Kafiya Ta Hana a Sayar

Kafiya ake kiranta a layin teloli, kuma ba ta taɓa cewa a daina ba. Da keken ƙafa ta fara ɗinki tun tana budurwa. Da hali ya samu, ta sayi tsohon injin surfani mai aiki da kwamfuta a hannun wani tela da zai bar gari. Da shi take yi wa makarantu tambarin riga, da shi ta ciyar da 'ya'yanta har suka kama gabansu.

A cikin kwamfutar akwai wata 'yar manhaja da ke mayar da zane ya zama abin da allura za ta bi. Wata safiya kwamfutar ta ƙi tashi. Mai Gyara, maƙwabcin shagonsu, ya buɗe cikinta ya girgiza kai. Wata kwamfutar ba ta yi wuyar samu ba, amma manhajar ta tafi, kamfanin da ya yi ta kuma ya daɗe da rufewa.

Ƙanenta Auta, mai sayar da lemo a rabin shagon, dama ya jima yana hararar kusurwar injin, yana son wurin ajiye firiza.

"Yaya, wannan fa gawa ce. Na yi magana da mai sayen ƙarfe, ƙarshen wata zai zo."

"Kai da na goya, kai za ka yi wa injina jana'iza? Ka taɓa shi ka gani."

Mai Gyara ya nuna mata wani rumbu a intanet inda ake adana shafukan da suka mutu, shekara-shekara. Tana gama kalmasa bakin wata riga sai ta ɗora tabarau a karan hanci, ta rubuta sunan injin da yatsa guda. Shafi ya buɗe, ta danna, babu komai. Ta koma shekarar baya, ta sake komawa. Auta yana wucewa yana cewa, "Sannu da tono, Yaya." Ko kallonsa ba ta yi.

Manhajar kamfanin ba ta samu ba. Wata ta samu, wadda wani bawan Allah ya rubuta wa matarsa mai irin injin, ya bar ta kyauta. Abu biyu ya ajiye: asalin rubutun da aka gina ta da shi, da doguwar takardar bayani. Ta buɗe na farko, ta ga rubutu zalla.

"Wannan tarkacen kuma fa?"

"Yadi ne, Hajiya," in ji Mai Gyara. "Sai an ɗinka."

"To ɗinka, me kake jira?"

Ya harhaɗa ta, ta tashi. Takardar bayanin kuwa babu wanda ya waiwaye ta, don tela ba ya tambayar yadda ake kunna keke. Zumuɗi ya hana Kafiya neman tsumman gwaji, ta fizgo rigar Auta daga jikin ƙusa ta ɗaura a injin. Allura ta zabura, ta keta rigar, ta daki ƙarfen gefe, ta karye. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, sai daga baya ya gane rigar wa ce.

Kafiya ta zare guntun allurar. Ta jawo kujera, ta sa waya tana fassara mata takardar layi-layi, har ta kai inda mutumin ya ce shi da inci yake awo, mai zane da milimita sai ya canza layi kaza. Nata zane-zanen duk da milimita aka yi su. Ta kira Mai Gyara, ta ɗora yatsa a wurin.

"Nan. Warware ka sake."

Ranar da mai sayen ƙarfe ya turo amalankensa, tun daga bakin layi yake jin ƙarar injin. Kafiya ta miƙa masa matacciyar kwamfutar.

"Ga gawar da aka kira ka ɗauka."

"Firizata fa, Yaya?" in ji Auta.

Ta jefa masa rigarsa. Wani jan fure ya rufe inda ta yage.

"Firizar, ɗora ta a kanka. Matsa, kana tare mini haske."